Ruwan Tiga Na Wane Ne? Tunanin Siyasar Yusufu Bala Usman a Ma'aunin Noman Ranin Kura da Bunkure

A jami'o'inmu an saba fara darasin falsafar siyasa da Aflatun, a biyo ta kan Hobbes da Locke, a sauka a kan John Rawls da littafinsa na 1971 a kan adalci. Idan ɗalibi ya tambayi wane ne namu a wannan fage, sai malami ya yi jim. Sunan Dakta Yusufu Bala Usman ba ya saurin zuwa, saboda a sashen tarihi ya yi rayuwarsa, kuma shi kansa malamin tarihi yake kiran kansa. Amma tambayoyin da ya shafe shekara talatin da 'yan kai yana bibiya su ne ainihin tambayoyin falsafar siyasa: me ke haɗa mutane su zama al'umma ɗaya? Wa ke da iko da ƙasa da abin da ke cikinta? Ta wace hanya tsiraru ke juya akalar jama'a ba tare da jama'ar ta farga ba? Abin da wannan maƙala za ta yi shi ne ta ɗauki amsoshinsa ta kai su yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ƙasa da ruwa da ikon gwamnati suka haɗu a wuri guda. Ba nan ne fagen bincikensa ba, Katsina ce. Shi ya sa wurin ya dace da gwaji. Hujjata ita ce, abin da ya faɗa game da yadda al'umma ke samuwa da yadda ake cin guminta ya tsaya daram a Kura, amma amanar da ya ba gwamnatin tsakiya a matsayin mai riƙe wa kowa dukiyar ƙasa ba ta kai bakin kanal ba.

An haife shi a Musawa a 1945. Mahaifinsa Durɓin Katsina ne, kakansa na wajen uba Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, na wajen uwa kuma Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Ya yi Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, ya yi digiri a Jami'ar Lancaster ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa daga 1967 zuwa 1971, sannan ya kammala digirin digirgir a 1974 a sashen tarihin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya aza wa harsashi. Mutane na son yin mamakin yadda jikan sarakuna biyu ya zama jigo a tafiyar PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU. Ni ban ga abin mamaki ba sosai. Wanda ya tashi a cikin gida ya ga yadda ake naɗa rawani, kwarjinin rawanin ba ya hana shi tambayar wa ya saƙa shi, wa ya biya. Ya zauna a kwamitin tsara kundin mulki da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975, inda shi da Dakta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin Alhaji Balarabe Musa, wanda majalisar da NPN ta mamaye ta tsige a watan Yunin 1981. Daga baya ya kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Hanwa, Zariya. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005.

Tushen tunaninsa yana cikin littafin da ya fito daga kundin digirinsa, The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda aka buga a 1981. A zahiri tarihin masarauta ɗaya ne. A baɗini kuwa yaƙi ne da wata hanyar kallon tarihi da Turawan mulkin mallaka suka bar mana, wadda ke ɗaukar ƙabila a matsayin tubalin komai: Hausawa suka kafa, Fulani suka ƙwace, Turawa suka gyara. Bala Usman ya bi sahun Abdullahi Smith, wanda tun 1970 ya nuna cewa labarin Bayajidda ba ya bayyana yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Abin da ya kafa su shi ne taruwar mutane iri-iri a inda akwai ƙasar noma da tama da mashaya da hanyar fatauci, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, birni ya shimfiɗa ikonsa a kan ƙasa. Haka ya kalli jihadin 1804: rikici ne da ya taso daga cikin tsarin sarautar da ya kasa ɗaukar sababbin ajujuwan malamai da fatake da makiyaya da ya haifar, ba gabar jinsi biyu ba. Ko bayanan Heinrich Barth, da manazarta suka daɗe suna karɓa hannu bibbiyu, sai da ya bi su da tambaya: wa ya ba shi labari, a gidan wa ya sauka, da wane ido ya duba?

Natijar falsafa da ke ƙarƙashin wannan ba ƙarama ba ce. Idan al'umma aba ce da aiki da cuɗanya suka gina a cikin zamani, to haƙƙin mutum a wuri ba ya rataya a kan jinin kakansa. Yana rataya ne a kan zamansa da guminsa.

Duk wanda ya san tarihin Kura zai ga kamar don ita aka yi wannan bayani. Tun kafin a yi mafarkin dam, Kura garin rini ne da bugu. Baƙin rawani mai sheƙi da ake kira ɗan Kura ya ratsa Agadas ya shiga Sahara, har ya zama abin tinƙahon Azbinawa. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya yi cikakken bincike a kan wannan sana'a ta ƙarni na 19, ya nuna yadda karofi da masaƙa da fatake suka ɗinke kudancin Kano da kasuwanni masu nisa. Gari irin wannan ba zuriyar mutum ɗaya ke cika shi ba. Baba da zare da kasuwa ne suka tara masa jama'a. Yau ruwa ke yin aikin da baba ya yi jiya. Da kaka ta wuce, 'yan ƙwadago da 'yan ci-rani ke kwararowa daga Jigawa da Katsina da Jamhuriyar Nijar, wasu su koma da damina, wasu su karɓi aron gona, su yi aure, su kafa gida. Amma ɗan wanda ya zauna ɗin, ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma za a tambaye shi, a tura shi garin da bai taɓa kwana ba. Wannan rabuwa tsakanin ɗan ƙasa da ɗan asali tana cikin abubuwan da Bala Usman ya yi ta suka har ƙarshen rayuwarsa. Rahoton 'yan tsirarun da suka rubuta da Osoba a 1976, wanda bai fito a matsayin littafi ba sai 2019, ya nemi a mayar da ilimi da lafiya da aikin yi haƙƙoƙin da talaka zai iya kai ƙara kotu a kansu. Masu rinjaye suka zuba irin waɗannan a babi na biyu na kundin 1979, inda aka ce manufofi ne kawai, ba alƙalin da zai tilasta su.

Shirin noman rani na Kogin Kano ɗan zamanin Gwamna Audu Baƙo ne. An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel kuma kuɗin man fetur suka fara ambaliya. Tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babban kanal ke ɗauko ruwan ya zuba a Ruwan Kanya, sannan ya rabu reshe biyu, na gabas ya nufi wajen Bunkure, na yamma ya bi ta Garun Malam da Kadawa da Kura. Ba inji ke tura shi ba, gangara ce. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi zanen, kuma kashin farko an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000, ko da yake an daɗe ba a kai ga wannan adadi ba. Daga 1976 shirin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Dubban mutane aka tasa daga matsugunansu saboda tafkin. A cikin yankin shirin kuwa an karɓi gonaki, aka sare itatuwa, aka baje ƙasa, aka mayar wa masu su bayan an rage wani kaso saboda kanal da hanyoyi.

Masu bincike daga Zariya sun bi shirin tun yana jariri. Tina Wallace, a rahotonta na 1979, ta nuna abin da injiniya bai sa a zanensa ba: noman alkama da hukuma ta dage a kai yana bukatar taki da kuɗin tarakta da kuɗin ruwa da 'yan ƙwadago, ƙaramin manomi ba shi da su, sai ya ba da gonarsa haya ga mai hali, sau da yawa ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati daga birni. Ɗorawa da kuka da aka sare, waɗanda mata ke samun kalwa da miya da ɗan kuɗin kashewa daga gare su, ba wanda ya lissafa su a cikin asara. Makiyaya suka rasa burtali da wuraren kiwo.

A nan ne ra'ayin Bala Usman na biyu ke shigowa. A laccar da ya gabatar a Zariya a ƙarshen 1977, wadda ta zama ƙashin bayan littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria na 1987, ya bayyana ajin da ke mulkin Nijeriya a matsayin ajin dillalai. Ba su ƙera komai, ba su noma komai. Suna tsaye ne tsakanin dukiyar ƙasa da kamfanonin waje, suna karɓar la'ada. Da yake ba za su iya fitowa fili su ce ga sana'arsu ba, dole su ɓuya a bayan addini da ƙabila, su ce wa talaka maƙiyinsa shi ne talaka ɗan'uwansa mai wata alƙibla. A farkon shekarun 1980 ya faɗaɗa wannan a wata takarda a kan dillalai da masu ba da shawara da 'yan kwangila, inda ya ɗora musu alhakin durƙushewar tattalin arziki. Manyan madatsun ruwa na shekarun 1970 sun dace da wannan hoto: kamfanin waje ya yi nazari, kamfanin waje ya yi gini, a shigo da injuna, a raba kwangila, riba ta tabbata tun kafin ƙwayar alkama ɗaya ta tsiro.

Inda abin ya kai maƙura shi ne Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Manoma suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu da amfanin da suka rasa. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, wasu majiyoyi suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Bala Usman ya tattara takardun wannan ta'asa da makamantanta a littafin Political Repression in Nigeria na 1982, wanda kwamitin tunawa da Dakta Bala Muhammad ya buga, wato mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa da aka kashe a tarzomar Kano ta 10 ga Yulin 1981. A Kadawa ba a zubar da jini irin na Bakolori ba. Amma tsarin tunanin hukuma ɗaya ne: manomi abin gyarawa ne, ba abokin shawara ba.

Sai dai ra'ayin dillalai bai wuce ba tare da ƙalubale ba, kuma daga cikin gida aka ƙalubalance shi. Yusuf Bangura, abokin aikinsa a Zariya, ya yi masa raddi cewa mayar da komai ga sata da la'ada yana ɓoye gaskiyar cewa jari-hujja na gaske yana kafuwa a Nijeriya, da masana'antu da ma'aikata da rikicinsa na kansa. Björn Beckman ma ya tafi a kan irin wannan fahimta. Idan aka sa Kura ta yau ta yi alƙalanci, sai ta raba musu gaskiya. Wanda ya ga injinan gyaran shinkafa da suka cika garin, da mata masu turara shanshera, da manyan motoci da ke lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan zuwa Legas, ba zai ce ba a samar da komai ba. Dukiya ake haifarwa a nan, kuma akwai manoman da noman rani ya kai su Makka ya gina musu gidaje. Tun a 1978 Sam Jackson ta buga nazari a kan yajin aikin da matan karkara suka yi a gonar wani kamfanin waje mai noman kayan lambu a yankin shirin, suna neman ƙarin lada. Yajin aiki ba da dillali ake yin sa ba, da ubangidan aiki ake yi. Wannan maki ne na Bangura. Amma ka tsaya a kasuwar tumatir ranar da kaya ya yi yawa, ka ga wa ke yanka farashi, wa ke da motar, wa ya ba manomi bashin taki tun farkon shuka bisa sharaɗin shi zai sayar wa. Ka bi buhun takin gwamnati mai rangwame ka ga hannu nawa yake ratsawa kafin ya isa gona, idan ya isa. Dillalin Bala Usman bai mutu ba, ya dai sauko daga ofishin minista ya bazu har bakin gona.

Maganin da Bala Usman ya kawo a littafinsa na 1986, Nigeria Against the IMF, shi ne a gina tattalin arziki a kan kasuwar cikin gida: a noma abin da za a ci, a sarrafa abin da aka noma, a daina dogaro da jirgin ruwa. Ba wurin da aka gwada rabin wannan shawara kamar Kura, kuma rabin shawara wani lokaci ya fi rashinta illa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, manoma suka rungumi alkama, bayan 'yan shekaru aka janye hanin, farashi ya faɗi. Tun 1985 Gunilla Andrae da Beckman suka yi gargaɗi a littafinsu The Wheat Trap cewa alkama ba za ta ciyar da Nijeriya ba, domin sanyin hunturunmu gajere ne kuma tsadar nomanta ta fi ta shigo da ita. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, shinkafar gida ta yi daraja, injinan Kura suka yi ta aiki dare da rana. A 2024 aka sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci, lissafin manomi ya sake rikicewa. Masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don sarrafa tan 1,200 a rana, ta buɗe a 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma tun daga nan tana buɗewa tana rufewa. Ba za a ɗora wa Bala Usman laifin wannan ba, domin shi tsari cikakke ya nema, ba dokar hani da ake kafawa yau a soke gobe ba. Abin da za a iya tambayarsa shi ne: wace gwamnati ce za ta riƙe wannan tsari shekara ashirin ba ta karkace ba, alhali kai da kanka ka ce dillalai ne ke riƙe da ita?

Wannan tambaya ta kai mu ga muhawarar da ta fi kowace jawo masa suka. A littafin The Misrepresentation of Nigeria da suka rubuta da Alkasum Abba a 2000, da takardar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2001, ya tunkari masu cewa man fetur mallakin ƙabilun Neja-Delta ne. Ya ce su kansu ƙabilun, kamar Hausawa da Yarabawa da Ibo, a siffarsu ta yau tarihi na kusa ne ya haɗa su. Ya ƙara da cewa ƙasar Delta ɗin ma laka ce da Kwara da Binuwai suka kwaso daga can cikin ƙasa a tsawon miliyoyin shekaru, saboda haka idan asali ne hujja, to hujjar ba za ta tsaya inda masu ita ke so ta tsaya ba. A wurinsa Nijeriya ce, a matsayin ƙasa ɗaya, ke da mallakin. Farfesa Peter Ekeh da wasu malaman kudu suka yi masa ca, suka ce ya sa rigar ilimi ne yana kare cin man da Arewa ke yi.

Hanya mafi adalci ta auna wannan ra'ayi ita ce a juyo da shi gida, a ga ko za mu iya haɗiye shi. Ruwan da ke kwance a Tiga ba a Kura aka yi shi ba. Daga tsaunukan kudancin jihar, wajen gindin tsaunukan Jos, yake gangarowa. Kafin dam, Kogin Kano kan haɗu da Challawa su zama Kogin Haɗeja, su malale fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗu da Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. A wannan malala ne dubban ɗaruruwan mutane ke shuka shinkafa, su kama kifi, su yi kiwo, su yi noman bayan janyewar ruwa. Da aka datse Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana ƙasa bushewa, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu ya yi musu yawa. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya gano cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadamun ya ninka wanda ake samu a shirin Kogin Kano nesa ba kusa ba. To, ruwan na wane ne? Idan manomin Bunkure ya ce nasa ne don a jiharsa aka gina dam, ya yi irin maganar da Bala Usman ya ƙi karɓa daga bakin mutanen Delta. Bisa ƙa'idarsa, masuncin Nguru da makiyayin Gashuwa suna da haƙƙi a Tiga daidai da mai gona a Kadawa. Ina ganin ƙa'idar daidai ce, kuma dacewarta a nan, inda take cizon mutanenmu, ita ce shaidar cewa ba don son kai na yanki aka ƙirƙire ta ba. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ma ta tafi a kan haka, ta danƙa wa gwamnatin tarayya duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya.

Amma a nan ne kuma raunin ya bayyana, kuma a nan masu sukarsa na kudu suke da abin faɗa, ko da sun faɗe shi cikin fushi. Cewa abu na kowa ne ba ya nufin wanda aka ba riƙo zai riƙe shi don kowa. Gwamnatin tarayya ce ta riƙe Tiga tun 1976. A ƙarƙashin riƙonta ne fadamun ƙasa suka lalace, kuma a ƙarƙashinsa ne kanal ɗin sama suka cike da laka da ciyawa, ƙofofin ruwa suka lalace, manomin da ke kusa da bakin kanal ya sha ya yi ambaliya, na ƙarshen layi ya kwana yana jiran abin da ba zai zo ba ko ya haƙa rijiyar burtsatse ya sayi fetur. Na sama bai ji daɗi ba, na ƙasa bai tsira ba. Sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a yi wa hanyoyin ruwan gyara na a zo a gani. Da marubucin Nigeria Against the IMF yana raye, da ya sami abin cewa a kan wannan.

Bala Usman ya yi tunani mai zurfi a kan matakai biyu, ƙasa baki ɗaya da kuma aji. Bai ba matakin da ke tsakaninsu irin wannan kulawa ba, wato mutum arba'in ko ɗari da suke shan kanal ɗaya, waɗanda dole su yanke wa zai buɗe ruwa ranar Talata, wa zai fito yashe laka, me za a yi wa wanda ya fasa bakin kanal da dare. Wannan ma siyasa ce, kuma ga manomi ita ce ta kusa. Elinor Ostrom, Ba'amurkiyar da ta sami kyautar Nobel a 2009, a nan ta kafa nata aikin. A littafinta Governing the Commons na 1990 da binciken da ta jagoranta a Nepal, ta nuna cewa hanyoyin ban-ruwa da manoma ke gudanarwa da kansu, da dokokin da suka yanka wa kansu da hukuncin da suke iya zartarwa, sau da yawa sun fi na hukuma kai ruwa ga na ƙarshen layi, ko da na hukumar sun fi su kankare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a Kura da Bunkure a ƙarƙashin TRIMING, masu karɓar kuɗin ruwa su kula da ƙananan kanal, daga irin wannan tunani suka fito.

Ba ina cewa Ostrom ta maye gurbinsa ba. Ƙungiyar manoman Kura, komai kyawun tsarinta, ba za ta taɓa zama ta yanke shawarar rage wa kanta ruwa saboda masuncin Nguru ba. Wannan sai hukumar da ta fi su duka, kuma shi ya sa a 2006 jihohi shida da kogin ya ratsa suka kafa asusun haɗin gwiwa na kula da shi. Sannan ƙungiya ba ta share bambancin da ke cikinta. Idan mai hekta ashirin da ya karɓi hayar gonakin maƙwabtansa shi ne shugaba, shi ne mai ba da bashin taki, shi ne kuma mai kai wa ɗan majalisa ƙuri'u, to an sauya wa dillali suna ne kawai. Tambayoyin da ɗalibin Bala Usman zai shiga da su taron irin wannan ƙungiya ba su da yawa. Sunan wa ke cikin rajista, mai gonar da ke zaune a Kano ko wanda ya karɓi haya yake tsaye cikin ruwa? Matan da ke dashe da tsinkar tumatir da turara shinkafa suna da kujera? Bafulatanin da shanunsa ke shan kanal ɗin, mamba ne ko mai laifi? Kuɗin ruwan da aka tara, nawa ya zauna a ƙungiya, nawa ya tafi hukuma, kuma wa ya ga takardar lissafin?